Rasuwar Jar Saniya, Tifar Gidan Malam Giɗaɗo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin ruɓaɓɓen tumatir, ni Arzika direba, a madadin gidan marigayi Malam Giɗaɗo na Maradun, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar tifarmu, gonarmu mai taya shida, wadda duk tashar Talata Mafara ta sani da Jar Saniya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A bakin hanyar Bakura nake rubuta wannan takarda, kwana biyu da cikawarta. Gawar tana nan gicciye kan gadar magudanar ruwan dam, inda ta faɗi, ta tare rabin hanya. Tumatir ɗin da ke bayanta ya narke a cikin kwanduna, ruwansa na tsiyaya ta ƙasan bodi, ƙudajen ƙasar Bakura kaf sun zo gaisuwa kuma ba su da niyyar komawa. Masu jakuna suna wucewa hanci a toshe, su yi mini ta'aziyya a gabana, su zage ni idan sun gota. Jiya wani mai zuwa jaje ya tafi da madubin hagu. Ban ga fuskarsa ba, amma na gane hularsa, kuma zan gan ta a masallaci.

Marigayiyar ta cika ranar Talata, ranar kasuwa, tsakanin hantsi da azahar, bayan jinyar wata uku a hannun wanda bai san abin da yake yi ba, da wanda ya sani ya yi shiru.

Wanda bai san asalinta ba zai ce ƙarfe nake yi wa kuka. To ya saurara. Ubanmu ya rasu ya bar mana gona a fadama, mai tsamiya biyu a tsakiya, wadda ta ciyar da gidanmu tun kakanni. Da aka tare kogi aka yi dam, ruwa ya hau, ya ci gonar da tsamiyoyinta. Yau in ka je wurin sai dai ka nuna da yatsa daga cikin kwalekwale. Abin da ya fito na diyya shi aka kai gaban Liman ya raba mana mu uku: ni, da yayata Hadizatu da ke aure a Jangebe, da babban wanmu Abdulmumini, wanda ya tafi Makka da ƙafa tun ina goye, shekara talatin ba wasiƙa ba saƙo.

"Kason wanda ba shi nan amana ne, Arzika," in ji Liman. "Ka aje mishi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kuɗin takarda gara ke cin su. Ƙarfe fa?"

Haka na lallaɓi Liman, na lallaɓi Yaya Hadizatu, na haɗa kason mu uku na tafi Gusau na dawo da tsohuwar tifa ja. Liman ya fito ya zagaya ta sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da sanda. Ya ce bodi da sitiyari nawa ne. Ya ce tayoyi na Hadizatu ne. Sannan ya ɗora sandar kan murfin inji, ya dube ni ido cikin ido.

"Wanga na Abdulmumini ne. Ran da ya komo, ka tada mishi shi ya ji kukanshi."

Kowa ya yi dariya a lokacin. Ni ma na yi.

Marigayiyar ta zo mana da shekarunta, ba mu san adadinsu ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ta kasance mai haƙuri, mai juriya, marar zaɓen kaya. Ta kwashi yashi da tsakuwa lokacin da ake shimfiɗa magudanai daga dam har Bakura. Ta ɗauki alkama, ta ɗauki shinkafa, ta ɗauki 'yan biki da tukwanensu, ta taɓa kai raƙumi marar lafiya wurin likitan dabbobi ba ta yi ƙorafi ba. Ƙofarta ta dama igiya ke riƙe da ita, ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Da safe sai ta yi tari uku, uhu, uhu, uhu, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ɗauka: garrrr, gur-gur-gur-gur. Matan unguwa da wannan kukan suke ɗora tukunyar kunu. Hon ɗinta kuwa, baaaa, shi ya jawo mata suna, don ranar farko da na danna shi a hanyar Dosara garken shanu guda ya biyo mu.

Abinci ɗaya take roƙo a wurina, baƙin mai. A nan ne Jibo ya shigo tarihinta, Allah ya saka mata.

Jibo bakanike ne a bayan tasha, in dai mallakar sifana biyu da guduma ya isa a kira mutum bakanike. Babbar sana'arsa ita ce sayar da man da aka riga aka juye daga cikin wasu injuna. Yana bi yana tarawa a durom, ya bar shi ya kwanta, ya kwalfi na sama. Baƙi ne wuluk, da kauri kamar kunun da ya kwana, da wari kamar an ƙone kofato. Ranar da na ce masa zan sayi sabo na gwangwani sai ya riƙe baki.

"Haba Arzika! Wanga mai cikin katafila ya yi aiki, ya ga duniya. Sabon mai mi ya sani?"

Sharaɗi ɗaya ne, in ji shi: a tace. Ka shimfiɗa tsumma a bakin mazurari, ka zuba a hankali, tsumman ya tare tsakuwa da ƙwari, sauran ya wuce. Duk direbobin tasha haka suke yi, ni ma haka na yi shekara biyu. Sai wata Juma'a da nake sauri, an riga an yi kiran farko, aka yi wani abu wanda zan faɗa idan mun zo wurinsa. Yanzu dai a bar shi.

Ciwon ya fara ne da ƙyaftawar ido. A gaban sitiyarinta akwai ƙaramar jar fitila, kusa da ita akwai agogo mai allura, su biyun aikinsu su faɗa wa direba ko mai yana zagaya inji da ƙarfi. Wata rana ina hawan tudun Maradun da yashi sai fitilar ta yi fal ta mutu. Allurar ta yi rawa ta sunkuya. Washegari ta sake. Na kai ta wurin Jibo.

Ya zaro sandar awon mai, ya goge ta a wandonsa, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mini.

"Ga mai nan cike har wuya. To mi take nema? Fitilar ce maƙaryaciya."

Ya zura hannu ta ƙarƙashi ya cire ƙwan fitilar, ya jefa a aljihu. Ya ce an gama aiki. Jama'a, marar lafiya ta buɗe baki tana cewa ga inda ke mata ciwo, likita ya toshe mata bakin, ni kuma na tsaya ina ce masa sannu da ƙoƙari.

Saura allura. Ita ba ta daina rawa ba. Na koma. Jibo ya dube ta, ya ce tsufa ne, kakarsa ma haka hannunta yake yi. Ya ɗauko wata 'yar takarda mai gam da aka rubuta "Allah Ya Kiyaye Hanya" ya manna a kan agogon, ta rufe shi ruf. Ya ce yanzu duk lokacin da na duba wurin, addu'a zan gani maimakon tashin hankali.

Da aka rufe mata ido da baki sai ta koma yin magana da haƙora. Cak-cak-cak-cak, daga saman inji, ƙasa-ƙasa, kamar mai jin sanyi. Na koma karo na uku, don wautata ba ta da iyaka. Jibo ya kasa kunne, ya ce man ya yi ruwa, jikinta na son mai nauyi. Ya kawo man giyar mota, wannan mai yauƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya ɗura mata galan guda. Ina jin sautin haɗiyarta har yau, gwal, gwal, gwal.

Ranar Litinin da ta wuce na tsaya a Bakura in zuba mata ruwa, a gaban rumfar Malam Nagode. Dattijo ne, ya yi shekaru yana gyaran manyan injuna a wurin aikin dam kafin idonsa ya fara gajiya. Yana kan tabarma yana cin goro, bai ko juyo ba, ya ce, "Kashe ta."

Na kashe. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Liman, ya tambayi ruwa, sannan ya tashi. Shi ma ya zaro sanda, amma bai tsaya nan ba. Ya shafa man tsakanin yatsu, ya sunsuna, ya tofar da yawu.

"Wa ya ba ta wagga ƙazanta?"

Ya leƙa ciki. "Ina ƙwan fitila?"

Ya ɓare takardar addu'ar da farce, ya karanta, ya ce amin, ya manna mini ita a goshi. Sannan ya shiga rumfa ya fito da agogonsa na hannu, mai doguwar roba, wanda yake ajiyewa a akwati kamar kayan likita. Ya kwance ɗan ƙarfen da ke kai wa fitila rahoto, ya ɗaura nasa a gurbin. Ya ce agogon mota na iya ƙarya, wannan bai taɓa ba. Ya ce in tayar.

Tana silo, ban taka ta ba, allurarsa ta ɗan ɗaga ta tsaya. Ya ce in taka totur. Na taka. Allurar ta yi sama kaɗan, sai ta faɗo tana karkarwa.

"Ka gani?" in ji shi. "Da metal ne suka cinye, waɗanda ƙarfen cikin inji ke juyawa a kansu, da in ta yi zafi tana silo za ta faɗi, in ka taka ta tashi. Wagga kuwa sai ka taka take faɗuwa. Mai na nan, famfo na ja, amma ba ya samu. Can ƙasa cikin kwanon da mai ke taruwa akwai rariya a bakin bututun da famfo ke tsotsa. Wani abu ya toshe ta. Fitilarka gaskiya take faɗa tun farko, ita kaɗai ce mai gaskiya cikinku."

Da ya ce wani abu ya toshe, sai na kau da kai na shiga goge madubi.

"Bar ta nan yini guda. In kwance kwanon ƙasa, in wanke rariya, in zubar da wagga guba. Ba wani aiki ba ne."

Na ce gobe Talata, manoman Damri sun riga sun tsinke tumatir suna jirana. Na ce jibi.

Ya koma kan tabarmarsa. "Jibi sai dai ka kawo ta bisa wata motar."

Da sassafe na yi lodi a Damri, kwanduna har sun fi bodi tsawo, masu kayan suka wuce gaba a bas don su kama wuri a kasuwa. Muka kamo hanya. Haƙoranta na kaɗawa, cak-cak-cak. Na rera waƙa don kada in ji. Muna dosar gada sai sautin ya sauko daga sama ya koma ciki, ya yi nauyi: dum, dum, dum, kamar ana daka a cikin ɗaki. Na ce mata, haba 'yar albarka, saura kaɗan. Na taka. Dum-dum-dum-dum. Hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin ƙafata da ƙaurin ƙarfe. Sai ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba a bakinta, ƙiiiii, sannan gwaram!

Shiru. Sai ruwan magudana da ke wucewa a ƙasa, da ɗan tik, tik, tik na ƙarfe mai hucewa. Wannan ne kalaminta na ƙarshe.

Jiya Laraba Malam Nagode ya zo wankan gawa, nan kan gadar. Yaya Hadizatu ta iso daga Jangebe, ta fara duba tayoyinta ɗaya bayan ɗaya kafin ta yi mini gaisuwa. Liman ya zo a bayan babur. Jibo ma ya zo, marar kunya, yana gaya wa 'yan kallo cewa shi ya daɗe da ganin alamun.

Aka kwance kwano. Abin da ya zubo ba zan kira shi mai ba. Taɓo ne baƙi mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, da gudaji-gudaji, da wari wanda ya sa har ƙudajen tumatir suka ja da baya. Malam Nagode ya ce metal sun narke sun manne, ƙarfen ciki ya karye ya huda gefen inji, ba mai tada wannan sai Mai tada matattu. Sannan ya zura hannu har gwiwar hannu ya kwanto rariya. An naɗe bakinta da wani abu kamar mataccen ɓera. Ya ɓamɓaro shi, ya jefa a kwanon kananzir, ya cuɗa, ya matse, ya shimfiɗa a kan dutse.

Tsumma ne. Zanen ja da fari ya fito. A gefensa ɗinki ne na koren zare.

Yaya Hadizatu ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo.

"Hiramin Baba ne wanga," ta ce. "Ni na ɗinke bakinshi da hannuna." Ta miƙe ta juyo. "Arzika. Ba kai ka ce mini iska ta ɗauke shi a hanyar Gusau ba?"

To ga abin da na ce zan faɗa. Waccan Juma'ar na nemi tsumman tacewa na rasa. Hiramin mahaifinmu yana wuyana. Na yage gefensa na shimfiɗa a mazurari, na tuntsura galan da ƙarfi don ana shirin tada salla. Nauyin man ya ja ƙyallen, ya zurma ta maƙogwaron mazurari, suluf, ya shige cikin inji ina kallo. Na tsaya. Na duba hagu, na duba dama, ba wanda ya gani. Na rufe murfi na tafi masallaci. Na ce a raina injin da ke narka yashin Maradun zai narka ɗan ƙyalle. Ragowar hiramin kuwa na cusa a ƙarƙashin kujera. Ranar Litinin da Malam Nagode ya ce a buɗe kwano, ba tumatir ne ya hana ni ba. Na san abin da za a gani, na san wa zai gani.

Jibo ya buɗe baki zai yi dariya, Malam Nagode ya miƙa masa kwanon taɓon ya ce ya riƙe, nasa ne. Liman bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi ramin da ke gefen injin, ya dube ni, ya ce, "Naka kason ƙalau yake. Na Hadizatu ƙalau yake." Ya hau babur.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi shida, biyu daga ciki masu sanƙo, a ƙarƙashin kulawar Yaya Hadizatu, wadda ta shimfiɗa tabarma a gindinsu tun jiya tana gadinsu. Ta bar madubi ɗaya maraya. Ta bar ƙwan fitila mai gaskiya a aljihun maƙaryaci. Ta bar manoman Damri, waɗanda suka zo gaisuwa da sanduna, na gode wa masu kamun kifin da suka shiga tsakani. Ta kuma bar ni, direba marar abin tuƙi, ɗan manomi marar gona, da takardar addu'a da har yanzu gam ɗinta bai fita daga goshina ba.

Za a ɗauki gawa gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. An samu tarakta da za ta ja ta daga gada zuwa Talata Mafara, inda za a kwantar da ita a bayan gidanmu, gindin darbejiya. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma ko ana yi ba shi zai ja ba. Za a yi zaman makoki kwana uku a ƙofar gida. Sadakar tumatir tana nan kan gada ga duk mai ƙarfin hali, ya zo da bokitinsa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su bar sifana a gida, za a laluba aljihu. Jibo kada ya zo. Mai hular da na gane ya taho da madubi, ba za a yi masa tambaya ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu haƙurin abin da muka yi da hannunmu.

Na sa hannu ke nan zan naɗe takardar sai wata motar haya ta tsaya a bakin gada, don rabin hanyar da ya rage bai isa mota wucewa ba. Wani dogon dattijo ya sauko, da farar jallabiya irin ta mutanen gabas, da akwatin ƙarfe a hannu. Bai toshe hanci ba. Ya tako har inda nake, ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ni da gajiya, da iyali, da zafi, Hausarsa duk ta cuɗe da Larabci. Ban san shi ba. Amma Yaya Hadizatu ta ɗago kai daga gindin taya, ta dubi kunnuwansa irin na Baba sak, ƙwaryar da ke hannunta ta faɗi.

Ya ce daga Maradun yake. Ya ce ya je neman wata gona mai tsamiya biyu ya tarar da ruwa har iyakar gani. Ya ce an tura shi wurin Liman, Liman ya turo shi nan.

Ya ajiye akwatinsa, ya zagaya gaban motar, ya ɗora tafin hannunsa kan murfin inji yana murmushi.

"An ce wanga ne nawa," in ji shi. "Tada mini shi, ƙanena, in ji kukanshi."